Sunayen da ke Bangon Coci, da Mazajen da Ba Su Samu Bango Ba

Tafiyarmu ta yau mai nisa ce, domin za mu leƙa ƙauyukan Turai mu duba wata al'ada tasu, sa'an nan mu komo gida da abin da muka gano.

Duk wanda ya shiga tsohuwar coci a karkarar Ingila ko Faransa ko Jamus, da wuya ya fito bai ci karo da wani allo da aka kafa a bango ba, na tagulla ko na farin dutse ko na katako. A samansa akwai shekaru, galibi 1914 zuwa 1918, a ƙarƙashinsu kuma jerin sunaye. Wani allon sunaye goma ne a kansa, wani hamsin, wani ya haura ɗari. Waɗannan su ne samarin garin da suka tafi yaƙi ba su dawo ba. Sau da yawa akan ga sunan gida ɗaya ya fito sau biyu ko uku a jere, alamar wa da ƙane ne suka tafi, ƙasa ta rufe su duka.

Al'adar ba ta kai ginin da take cikinsa tsufa ba. Shekaru aru-aru bangon coci na sarakuna ne da attajirai da manyan jarumawa. Lokacin da aka kashe Nelson, shugaban mayaƙan ruwan Ingila, a 1805, an kai gawarsa Landan aka binne ta a babbar cocin St Paul cikin gagarumin biki. Shekara goma bayan haka, ƙananan sojojin da suka faɗi a fagen Waterloo rami ɗaya aka haƙa wa da yawansu, ba wanda ya tsaya rubuta sunayensu a kan dutse. A wancan zamani talakan soja ɗan haya ake ɗaukarsa, wanda yunwa ko bashi ya kora bakin daga.

Sauyin ya fara bayyana ne a ƙasar Prussia, wadda daga baya ta zama ƙashin bayan Jamus. A ranar 5 ga Mayu 1813, ana tsakiyar yaƙi da Napoleon, Sarki Friedrich Wilhelm na Uku ya ba da umarni cewa kowace coci ta kafa allo da kuɗin jama'arta, a rubuta sunayen mutanen yankin da suka mutu a yaƙin. Dalilin a fili yake. Sarki ya kira talakawa su ɗauki makami, ya ce ƙasar tasu ce. Wanda aka ce ya mutu don ƙasarsa kuwa, ba a iya binne shi kamar baƙo. Har yau akwai irin waɗannan alluna na katako a wasu cocin ƙauyukan Jamus.

A Birtaniya abin ya zo a hankali. Bayan yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856 an fara ganin sunayen ƙananan sojoji a wasu wuraren tunawa. A 1881 aka yi wa rundunar sojan ƙasa gyaran da ya ɗaure kusan kowace runduna da wani lardi, har ta ɗauki sunansa, sai babbar cocin lardin ta zama inda ake rataye tsofaffin tutocinta. Yaƙin Afirka ta Kudu na 1899 zuwa 1902, wanda ƴan sa-kai da yawa suka shiga, ya ƙara yawan allunan. Amma abin da ya kai su kusan kowane ƙauye shi ne Yaƙin Duniya na Ɗaya.

A wannan yaƙi Faransa ta rasa sojoji kimanin miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu, tsibiran Birtaniya kuma fiye da 700,000. Yadda aka ɗebi mutanen ya ƙara wa masifar nauyi. A 1914 hukuma ta yi wa samari alkawarin cewa abokai da maƙwabta da abokan aiki da suka shiga tare za a bar su a bataliya ɗaya. Garin Accrington, wani garin masaƙa a lardin Lancashire, shi da garuruwan da ke kewaye suka haɗa tasu bataliyar. A safiyar 1 ga Yuli 1916, ranar farko ta gumurzun kogin Somme, kimanin mutum 720 daga cikinsu suka fita daga ramukansu suka fuskanci bindigogin Jamus a kusa da ƙauyen Serre. Kafin rana ta yi tsaka, 584 sun mutu ko sun ji rauni ko sun ɓace. A wannan yini kaɗai sojojin Birtaniya 19,240 aka kashe. Akwai unguwannin da kusan kowane layi aka yi zaman makoki a mako guda. A cocin St John ta Accrington aka yi wa bataliyar addu'ar sallama kafin ta bar gari a 1915, a cikinta kuma daga baya aka keɓe wani sashe don tunawa da su.

Abin da ya fi ƙona wa iyaye rai shi ne babu gawa. Tun 1915 aka hana dawo da gawawwakin sojojin Birtaniya gida, don kada mai kuɗi ya ɗauko ɗansa, talaka ya bar nasa a can. A 1917 aka kafa hukumar kula da kaburburan yaƙi ta daular, bisa ƙoƙarin Fabian Ware, kuma ta tsayar da ƙa'ida cewa janar da kurtu dutse iri ɗaya za a kafa musu, kowa da sunansa. Sai dai dubbai ba a ma samu abin binnewa ba, harsashin igwa da laka sun cinye su. A ƙofar Menin da ke garin Ypres na Beljiyam, wadda aka buɗe a 1927, an sassaƙa sunaye fiye da 54,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba. A Thiepval na Faransa, a 1932, fiye da 72,000. Matar masaƙi ba ta da kuɗin jirgi zuwa Beljiyam. Abin da ƙafarta za ta iya kai ta gare shi shi ne cocin unguwa, inda aka yi wa yaron suna, inda wataƙila aka ɗaura masa aure. Allon bango ya zama mata madadin kabari.

Ya kamata mu lura da yadda aka yi waɗannan alluna, domin a nan darasin yake. A Birtaniya gwamnati ba ta aiko da jerin sunaye ba, ba ta kuma biya kuɗin ba. Mutanen gari ne suka kafa kwamiti, limamin coci da malamin makaranta da mai gonar da ya fi kowa da ƴan kasuwa. Aka yi karo-karo, mai fam ya ba da fam, mai sule ya ba da sule. Aka bi gida-gida ana tambayar wa aka rasa, aka liƙa jerin a ƙofar coci ko aka buga a jaridar gari don mai gyara ya kawo gyara. Shi ya sa wani sojan sunansa ya fito a wuri uku, a cocinsu da makarantarsu da ma'aikatarsu, wani kuwa da iyalinsa suka yi ƙaura bai fito ko'ina ba.

Ba a rasa gardama ba. An yi jayayya a kan ko a jera sunaye bisa muƙami, hafsoshi a sama, ko a bi haruffa yadda ɗan mai gari zai iya faɗowa ƙarƙashin ɗan mai yi musu noma. Garuruwa da yawa suka zaɓi bin haruffa. An yi jayayya a kan wuri, domin mabiya Katolika da na ƙananan ɗariƙu ba su so sunan ɗansu ya shiga cocin da ba tasu ba, shi ya sa wasu garuruwan suka kafa ginshiƙi a dandali, kowace majami'a kuma ta yi nata allon. Akwai kuma sojoji 306 da rundunarsu ta harbe bisa laifin gudu ko tsoro. Da yawansu an tsallake sunayensu, sai a 2006 aka yi musu afuwa, wasu garuruwan suka ƙara su a ƙasan jeri bayan shekara casa'in.

A Faransa dokar 1905 da ta raba addini da hukuma ta hana sa alamar addini a kan gine-ginen gwamnati. Saboda haka ƙauye ɗaya yakan kasance da abin tunawa biyu, ginshiƙin hukumar gari a dandali, da allon jama'ar coci mai gicciye a cikin ɗakin ibada. Yawan asarar ya kai yadda ƙauyen da bai rasa kowa ba ya zama abin labari. A Faransa ana ambaton Thierville da ke Normandi. A Ingila da Wales masu bincike sun ƙirga hamsin da ƴan kai kawai cikin dubban ƙauyuka, ana kiransu ƙauyuka masu godiya. Mata ma sun samu nasu gurbin. A 1925 aka gyara wata doguwar tagar gilashi a babbar cocin York don tunawa da matan daular da suka mutu a hidimar yaƙin, aka rubuta sunayen kimanin 1,500 a kan allunan katako kusa da ita. Bayan 1945 ba a cika yin sabon allo ba, sai a ƙara sunayen yaƙi na biyu a ƙarƙashin na farko.

Idan muka tattara wannan duka, za mu ga abin da suna ke buƙata kafin ya hau bango. Yana buƙatar kundin da aka rubuta haihuwar mai shi, da dangi masu bakin da za a saurara, da jama'ar da ta ɗauki mutuwarsa a matsayin asararta har ta ciro kuɗi daga aljihu. Hausawa sun ce naka sai naka. To, a nan ne labarin ya taɓo mu, domin a yaƙe-yaƙen nan biyu akwai namu a ciki.

Tun 1863 John Glover ya kafa wata ƙaramar runduna a Ikko wadda aka sani da Hausawan Glover, yawancinsu bayin da suka kuɓuta. A Gwalkwas, wato Ghana ta yau, an yi rundunar ƴan sandan Hausa, kuma zango-zangon Kumasi da Akra sun cika da tsofaffin sojoji da iyalansu. A ƙarshen ƙarnin aka haɗa rundunar Afirka ta Yamma ƙarƙashin Lugga, Hausa ta zama harshen bariki, har ana kiran kowane soja Bahaushe ko da Bagurunshe ne ko Bazabarme ko Babarbare. Faransa ma ta ɗebi nata daga ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya da take mulka, har da Nijar da Cadi, ta kira su duka tirayo na Senegal.

Masana tarihi da yawa suna cewa harbin farko da wani sojan Birtaniya ya yi a Yaƙin Duniya na Ɗaya a Togo aka yi shi, cikin Agustan 1914, kuma Alhaji Grunshi na rundunar Gwalkwas ne ya yi shi. A ranar 22 ga watan, a gumurzun kogin Chra, aka kashe Laftanar George Thompson, wanda ake lissafawa a matsayin hafsan Birtaniya na farko da ya faɗi a fagen fama a yaƙin. Sunansa sananne ne, kabarinsa yana garin Wahala a Togo. Tirayo da suka mutu tare da shi a wannan wuri, littattafai adadinsu suka fi ambata. Daga nan yaƙi ya koma Kamaru, Garwa ta faɗi a Yunin 1915, dutsen Mora ya miƙa wuya a Fabrairun 1916, kuma a ɓangarorin biyu baƙaƙen fata ne ke riƙe da bindiga. Aka kwashi sojojin Najeriya da na Gwalkwas zuwa Afirka ta Gabas, inda rundunar Najeriya ta yi mummunar asara a Mahiwa cikin Oktoban 1917. Bayan kowane soja kuma akwai ƴan dako masu ɗauke da harsashi da abinci a ka, waɗanda zawo da zazzaɓi da yunwa suka kashe fiye da yadda bindiga ta kashe.

Ƙa'idar nan ta dutse iri ɗaya ga kowa ba ta tsallako teku yadda ya kamata ba. A Afrilun 2021 hukumar kaburburan yaƙi da kanta ta fitar da rahoton wani kwamiti da ta kafa, bayan binciken Farfesa Michèle Barrett da wani shirin talabijin da ɗan majalisa David Lammy ya gabatar a 2019. Rahoton ya ce tsakanin mutum 45,000 zuwa 54,000, yawancinsu ƴan Afirka da Indiya, an tuna da su ba daidai da Turawa ba, kuma aƙalla 116,000, wataƙila har 350,000, ba a rubuta sunayensu ba ko ba a tuna da su ba sam. Ya kawo maganar Gwamna Guggisberg na Gwalkwas, wanda a 1923 ya nuna cewa a ganinsa talakan ƙasar ba zai fahimci darajar dutsen kabari ba. Ministan tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi gafara a majalisa.

Don adalci, wasu sojojin sun samu suna a kan dutse. Akwai wuraren tunawa a Kumasi da Zariya da Lakwaja da Badun da Kalaba masu ɗauke da sunayen sojojin yaƙin farko. Amma a garuruwan bariki suke, inda runduna take, nesa da inda uwar mamacin take. Kuma yadda aka rubuta sunayen abin dubawa ne. Magatakardan soja yakan ɗauki sunan yanka ya liƙa masa sunan gari ko na ƙabila, Kano ko Katsina ko Damagaram, Moshi ko Grunshi, ya bar sunan uba. Wasu ma da sunan aro suka shiga, don gudun ubangida ko bashi ko fushin iyaye. Sai ya zama mutum yana ɗauke da sunan garinsu har kabari, garin kuwa ba shi da labarin inda ya kwanta.

A ɓangaren Faransa an ɗebi ƴan Afirka ta Yamma wajen dubu ɗari biyu, kimanin 30,000 ba su dawo ba. An yi musu gine-gine masu girma. An kafa mutum-mutumin jaruman baƙar runduna a Reims a 1924 da tagwayensa a Bamako, sojojin Hitila suka tumɓuke na Reims a 1940. An buɗe babban masallacin Paris a 1926 don girmama Musulmin da suka mutu wa Faransa. A Dakar an keɓe babbar cocin Katolika a 1936 da sunan tunawar Afirka, don waɗanda suka mutu a hidimar Faransa a nahiyar. A Chasselay kusa da Lyon akwai maƙabartar da aka gina da siffar ganuwar Sudan, inda aka binne tirayo da Jamusawa suka yi wa kisan gilla a Yunin 1940. Duk waɗannan daga sama suka zo, daga hukuma ko manyan limamai ko wani mai kishi, kuma a manyan birane ko a ƙasar Turai suke. Ba ko ɗaya da ya yi kama da allon ƙauye, wanda maƙwabta suka tara wa kuɗi suka kuma san fuskar kowane mai suna.

Yaƙin Hitila ya maimaita labarin. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi fama da Japanawa a dazukan Bama, a kwarin Kaladan da Arakan, suka kama Myohaung a Janairun 1945. Daga Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, sojojin Cadi suka bi Leclerc suka keta Sahara suka ci Kufra a Maris 1941. A wannan karon an fi kula da rubuta sunaye, kuma akwai na ƴan Afirka ta Yamma cikin kimanin 27,000 da ke jikin ginshiƙan maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun. Wa zai kai tsohuwa daga Tawa ko Tamale ko Marwa can? Abin da ya dawo gida sunayen fagagen ne. Barikin Burma da na Arakan a Akra, Dodan da Myohaung a Ikko, Dalet a Kaduna, duk sunayen wuraren da aka yi gumurzu ne, muna faɗarsu kullum ba tare da sanin waɗanda suka kwanta a can ba.

Kada mu ɗora wa Bature laifin duka. Akwai dalilai na gida da suka sa ba mu yi namu bangon ba. Na farko, al'adar yawancinmu ba ta son gini ko rubutu a kan kabari, kuma bangon masallaci ba wurin jera sunayen mamata ba ne. Muna tunawa da namu ta addu'a da sadaka, da mayar wa jariri sunan kakansa, da kirari a bakin maroƙa. Na biyu ya fi ɗaci. Rundunonin nan su ne aka ci Damagaram da su a 1899, aka ci Kano da Sakkwato a 1903, aka ƙone Satiru a 1906, aka murƙushe tawayen Kawusan a Agadas a 1917. Sojan Nasara ba abin alfahari ba ne a zaure da yawa, kuma wasu kamen dole aka yi musu, sarki ko mai gari ya cika adadin da aka yanka masa da ƴaƴan marasa gata. Mutumin Accrington yana iya cewa ɗansa ya mutu don ƙasarsa. Mutumin Gobir ko Adamawa da wuya ya faɗi haka da zuciya ɗaya.

Amma wanda aka kama da ƙarfi aka kai shi ya mutu a bakin wani kogin da uwarsa ba ta taɓa jin sunansa ba, shi ya fi kowa cancantar a riƙe sunansa. Riƙe suna ba yabon mulkin mallaka ba ne, shaida ce a kan abin da ya ci mana. Hanyar bakin da muka dogara da ita kuwa tana da iyaka, domin takan yi rauni bayan jika, ta yanke a kan tattaɓa-kunne. Waɗanda suka je Bama da Kufra kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, ƴaƴansu ma sun tsufa.

Abin koyi daga ƙauyukan Turai shi ne hanyar da suka bi, wato bin gida-gida. Ba sai mun kafa tagulla a ɗakin ibada ba. A gidaje da yawa na Zinder da Maraɗi da Garwa da zangon Kumasi akwai tsohuwar akwati mai ɗauke da lambar girma, ko takardar sallama, ko littafin fansho mai lambar soja a kansa. Da wannan lamba ana iya neman mutum a kundin hukumar kaburburan yaƙi ko a na ma'aikatar sojan Faransa, waɗanda duka suna kan intanet kyauta. Ɗalibi ɗaya da littafin rubutu da waya zai iya zama gaban tsofaffin unguwarsu ya tambaya wa ya tafi, ɗan wane ne, wace shekara, ya dawo ko bai dawo ba. A rubuta sunan da sunan ubansa, wanda magatakardan bariki ya yar, a ajiye kwafi a fadar mai gari da makarantar gari da gidan tarihi. Mu fara da tsofaffin da ke raye a wannan shekara, domin abin da ke cikin kansu babu shi a kundin Landan ko na Paris.

Allah Ya ji ƙan magabata, Ya ba ƙasashenmu zaman lafiya.